Ina Binciken Ilimi Yake Maƙalewa Kafin Ya Isa Aji?

Jihohi kaɗan ne a Najeriya suka kai Kaduna tara wuraren da ake nazarin yadda yaro ke koyo da yadda malami ke koyarwa. Wanda ya bar Kawo ya kama hanyar Zariya, a Rigachikun zai wuce hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka soma shirin firamare kyauta na UPE, ƙasa ta wayi gari tana neman malamai ido rufe. In ya isa Zariya ga Jami'ar Ahmadu Bello da tsangayarta ta ilimi, da Cibiyar Ilimi da ke aiki tun shekarun 1960, ga kuma tsohuwar kwalejin tarayya ta horar da malamai. A cikin garin Kaduna akwai jami'ar jiha da aka kafa a 2004, akwai Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da aka kafa a 1989. A kudancin jihar ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Babu shekarar da za ta wuce ba a rubuta tarin kundaye da maƙaloli a waɗannan wurare ba, a kan karatun yara, da lissafi, da horon malamai, da abin da ke raba 'yan mata da makaranta.

Duk da haka, malamar aji biyu a Rigasa ko Tudun Wada, wadda yara suka cika mata aji har bakin ƙofa, da wuya ta tuna abu guda da ta sauya a koyarwarta don wani bincike ya nuna hakan ya fi. Ba ƙin ilimi take yi ba. Abin ne bai taɓa zuwa mata a siffar da za ta iya aiki da shi ba. To a ina yake maƙalewa, kuma haƙƙin wa ne ya ƙarasa da shi?

A fara da ɗalibi, domin shi ne mai binciken da malaman firamare suka fi sani. Duk mai neman takardar shaidar malanta ta NCE ko digirin ilimi sai ya rubuta kundi kafin ya fita. Zai karɓo wasiƙa daga sashensu, ya je makaranta, ya gaida hedimasta, ya raba takardun tambayoyi: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba. Malamai su cike masa lokacin da yara suka fita tara, ya tattara ya yi godiya ya tafi. A babi na biyar zai jera shawarwari, kuma kusan kowa ya san su tun kafin a rubuta: gwamnati ta samar da kayan aiki, a riƙa tura malamai bita, iyaye su sa ido a kan 'ya'yansu. A ɗaure kundin, kwafi ɗaya a sashe, ɗaya a laburare. Makarantar da ta ba da lokacinta ba za ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Malamin da ya duba masa aikin ma yana cikin tasa tsaka mai wuyar. Ƙarin girma a jami'a da kwaleji ya rataya ne a kan yawan maƙalolin da mutum ya buga da kuma darajar mujallun da suka buga su. Makin da ake bai wa hidimar al'umma bai taka kara ya karya ba. Lakcara da ya ɓata wata guda yana zagaya makarantun Giwa ko Kajuru yana nuna wa malamai abin da ya gano, a idon kwamitin ƙarin girma ya yi asarar wata guda ne. Don haka yake rubutu domin mutum biyu ko uku da za su tantance maƙalarsa, da Turancin da su suke so, da lissafin da su suke nema. Wasu mujallun na waje sai an biya kuɗi masu yawa kafin a karanta maƙala ɗaya. Wasu na gida ana buga 'yan kwafi ne a raba wa waɗanda suka yi rubutu a ciki. Akwai kuma waɗanda ke karɓar kuɗi su buga kome aka tura musu ba tare da tantancewa ba, kuma su ne suka fi ɓata wa sahihin bincike suna.

Ko da maƙalar ta faɗo hannun malamar aji, me za ta tarar? Za a ce an samu bambanci mai ma'ana tsakanin rukuni biyu a matakin 0.05. Abin da wannan ke nufi kawai shi ne da wuya a ce dace ne ya kawo bambancin. Bai ce bambancin babba ne ba, bai ce ya cancanci wahalar da za a sha ba, bai kuma ce zai yiwu a ajin da babu benci ba. Ita kuwa waɗannan ukun take son ji.

Kada a ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A 2014 wasu ma'aikatan Bankin Duniya sun bi diddigin rahotannin da bankin ke wallafawa a shafinsa, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku babu wanda ya taɓa sauke su ko sau ɗaya. Wannan hukuma ce mai kuɗi da ma'aikatan yaɗa labarai, balle mai digiri na biyu da ya biya kuɗin binciken daga albashinsa.

Akwai wani rukunin bincike da ya fi waɗannan kuɗi da tsari, wato na manyan shirye-shiryen da ƙasashen waje ke ɗaukar nauyi. Daga 2008 zuwa 2017 Kaduna na cikin jihohi 6 da shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki a ciki, tare da Kano, Jigawa, Kwara, Legas da Inugu. Sau uku, a 2012 da 2014 da 2016, aka shiga makarantu aka zauna a aji aka kalli darasi, aka gwada ɗalibai a karatu da lissafi. Bayanai ne masu daraja, kuma sun nuna rauni mai tsanani a abin da yara ke koya. Amma irin wannan rahoto yadda ya saba fita shi ne a kira taro a otal, a gayyaci kwamishina da shugaban hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, da daraktoci da 'yan jarida, a haska alƙaluma a bango, a raba taƙaitaccen bayani da Turanci. Daga nan sai a ce saura a sauke shi zuwa ƙasa, ta hanyar horo mai hawa-hawa: ƙwararru su horar da tawagar jiha, tawagar jiha ta horar da jami'an ƙananan hukumomi, su kuma su tara malamai kwana uku ko biyar.

A kowane hawa wani abu yana zubewa, kuma abin da ke fara zubewa shi ne dalili. Malami zai dawo daga bita ya san an ce a zaunar da yara rukuni-rukuni, amma bai san me ake so su yi a rukunin ba, ko yaushe ne hakan ke da amfani da yaushe ne ɓata lokaci. Sai ya juya benci idan sufeto zai zo, ya mayar da su idan ya tafi. Ba na ganin laifinsa. An ba shi umarni ne, ba a ba shi fahimta ba, kuma babu wanda ya biyo shi aji bayan mako biyu ya ga inda abin ya cije.

Sau ɗaya dai a 'yan shekarun nan alƙaluman ilimi suka fito daga ofis suka shiga kowane gida a Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta sanar da cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka gindaya ba. Aka watsa hotunan wasu takardun amsa a intanet. Aka sallami malaman, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, gwamnati ta ɗauki sababbi. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar, mafi yawansu saboda sun ƙi zama su rubuta ta.

Ba na cikin masu cewa kada a gwada malami. Wanda ya kasa amsa tambayar aji huɗu ba zai koyar da ita ba, kuma yaron talaka ne ke biyan kuɗin wannan gazawar da shekarun ƙuruciyarsa. Amma a duba yadda labarin ya isa kunnen jama'a: lamba ɗaya da hotuna. Wanda ya ci 74 da wanda ya ci 10 duk suna ɗaya aka ba su. Jarrabawar ta auna abin da malami ya sani, ba ta auna yadda yake koyarwa ba, kuma abubuwa biyu ne da ake buƙatar kowanne. Tambayoyin da mai bincike zai yi a irin wannan hali ba su samu fili a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo ba: a wane fanni aka fi faɗuwa? Wa ya horar da waɗannan mutane ya ba su takardar shaida? Ta wace ƙofa aka ɗauke su aiki? Su nawa ne horon wata shida zai gyara? Bayan an sauya malaman, karatun yara ya ƙaru, kuma da nawa? Wannan ta ƙarshen ita ce uwa uba, domin ita kaɗai za ta raba gardamar da har yau ake yi da zafin rai.

Abin ya bar wani tabo da masu bincike ya kamata su sani. Malamin da ya ga abokan aikinsa sun rasa abinci ta dalilin takarda, duk baƙon da ya shigo da takardar tambayoyi zai karɓe shi da ɗari-ɗari. Zai ba da amsar da yake ganin ba za ta jawo masa matsala ba. Ka ga ke nan rashin komawa wurin malamai da sakamako ba rashin kyautawa ba ne kawai, yana gurɓata bayanan da bincike na gaba zai dogara da su.

Mutum zai ce to ai maganin a fili yake: a taƙaita, a sauƙaƙa, a fassara zuwa Hausa, a raba. Wannan wajibi ne, amma an gwada an ga shi kaɗai ba ya isa. A Ingila akwai wata gidauniya da aka kafa a 2011, ana kiranta EEF, wadda aikinta ke nan. Ta tattara dubban bincike ta mayar da su jadawali mai sauƙi: ga dabarar koyarwa, ga tsadarta, ga ƙarfin hujjar da ke bayanta, ga kimanin watannin ci gaban da take ƙara wa ɗalibi. Sai gidauniyar ta gwada kanta. Ta sa aka aika wa dubban makarantun firamare taƙaitattun bayanan bincike a kan koyar da karatu, wasu a takarda, wasu ta intanet, wasu har da gayyatar taro. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna babu wata shaida cewa karatun yaran ya ƙaru. Waɗannan malamai ne da aka rubuta wa da harshensu, suna da lantarki da kwamfuta, ajinsu kuma yara kimanin talatin ne.

A Kenya an bi ta wata hanyar. Kafin a faɗaɗa shirin karatu na Tusome zuwa ƙasa baki ɗaya a 2015, an raba makarantu an gwada abubuwa daban-daban. Inda aka ba malamai horo da mai bibiya kawai, sauyin kaɗan ne. Inda aka haɗa da littafi a hannun kowane yaro, da jagoran malami mai darasin kowace rana a tsare, nan ne karatu ya tashi sosai. Malamar ba ta karanta maƙala ko ɗaya ba. Binciken yana cikin jagoran da ke hannunta: wane harafi za a fara da shi, minti nawa za a yi ana haɗa sauti, yaushe yara za su karanta da kansu.

Mu ma an yi irin wannan da Hausa. Gwaje-gwajen da aka yi a Sakkwato da Bauchi, inda ake zaunar da yaro shi kaɗai a ba shi minti ɗaya ya karanta, sun nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta kalmar Hausa ko ɗaya. Daga nan aka samar da littattafan Mu Karanta a jihohin biyu, aka kuma yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, dukkansu da littafin ɗalibi da jagoran malami da mai zagayawa yana duba darasi. Hausa tana da wata falala a nan: yadda ake rubuta ta bai yi nisa da yadda ake furta ta ba, don haka yaron da ya kama sautin baƙaƙe da wasula zai iya haɗa gaɓa ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Wannan bayani ne da kowane malamin aji ɗaya a Zariya ko Ikara ya cancanci a zauna a yi masa shi da misali a allo.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na dabarar koyar da yaro daidai matakinsa, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita. Ana gwada kowane yaro da takarda guda: bai san harafi ba, ya san harafi, yana karanta kalma, yana karanta sakin layi, yana karanta labari. Sai a ware wani lokaci kullum a raba yara bisa inda suka tsaya, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, a riƙa sake gwada su ana ɗaga wanda ya wuce. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin alaramma ba ya barin yaro ya wanke allo sai ya biya ya ji, kuma kowa da inda yake. Masu bincike, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019, sun shafe shekaru suna gwada dabarar, kuma ba kullum take ci ba. Inda aka bai wa malaman gwamnati horo da kayan aiki aka tafi aka bar su, sun koma bin manhaja yadda suka saba. A jihar Haryana ta yi aiki, bayan an ware mata sa'a guda a jadawalin makaranta, aka kuma sa jami'an da za su sa ido su fara shiga aji da kansu su koyar da ita na wasu kwanaki kafin su horar da kowa. An shigo da dabarar Arewa, a Borno da Kano da wasu jihohin. Abin lura shi ne masu binciken ba su tsaya a kan cewa dabarar tana da kyau ba. Sun bi ta har suka gano wane mutum ne a cikin tsarin gwamnati zai riƙe ta idan sun tafi.

Wannan mutumin na tsakiya shi ne muka rasa a harkar ilimi, alhali a harkar noma mun san shi tun kakanni, kuma a nan Samaru aka raine shi. Tashar binciken noma ta Samaru ta samo asali tun 1922. Da aka ga cewa masanin da ya fitar da sabon irin masara ba shi zai bi ƙauyuka ba, sai aka kafa sashe na musamman, wanda ya zama cibiyar NAERLS ta yau, aikinsa kawai ya ɗauko abin da aka gano ya mayar da shi ƙasida da shirin rediyo da horo ga malaman gona. Malamin gona kuma ba lacca yake yi ba. Zai nemi gefen gonar wani a bakin hanya a shuka sabon irin kusa da tsohon, duk mai wucewa ya gani da idonsa, idan kaka ta yi a auna. In irin bai karɓi ƙasar ba, shi zai mayar da labari Samaru. Na san malaman gona sun yi ƙaranci yanzu, manoma da yawa ba sa ganinsu. Amma aƙalla aikin yana da suna, yana da ofis, yana da kasafi.

A ɓangaren ilimi akwai waɗanda suka fi kusa da wannan matsayi: jami'an tallafa wa makarantu da ke ƙarƙashin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 23, da jami'an tabbatar da inganci, da malaman kwalejoji da ke fita duba ɗalibansu lokacin koyarwar gwaji, da cibiyoyin karatu na NTI da ke warwatse a faɗin ƙasa. Sai dai yawancin aikin da aka ɗora musu na ƙirga ne da cike fom: malamai nawa suka zo, an rubuta tsarin darasi ko ba a rubuta ba. Babu wata igiya da ta haɗa su da mai bincike a Zariya. Shi bai san su ba, su ba su san abin da ya gano ba. A ganina, da za a zaɓi abu ɗaya a gyara, wannan ne: a mayar da jami'in da ke zagaya makarantu mai koyar da malamai, wanda ya gwada dabarar da hannunsa, a ba shi kuɗin mai, a kuma ba shi ƙofar da zai mayar da rahoton abin da ya ƙi aiki.

Sai batun jama'a, wato iyaye da masu unguwanni da limamai da fastoci da 'yan kwamitin kula da makaranta. Kaduna gari ne na rediyo tun 1962 da aka buɗe gidan da ya zama Rediyon Najeriya Kaduna, kuma har yau muryar da ta fita daga nan tana kai wa nesa. Hukumar ilimin makiyaya ta daɗe da gane haka, shi ya sa take bin makiyaya har ruga ta rediyo. A 2020, da korona ta rufe makarantu, ta rediyo da talabijin gwamnatin jiha ta ci gaba da darussa. Yanzu ga WhatsApp, inda saƙon murya na minti uku zai zagaya zaurukan malamai na ƙaramar hukuma guda kafin la'asar. Hanya dai ba ita ce matsala ba. Abin da za a faɗa ne, da yadda za a faɗe shi.

Shi ma a nan bincike ya yi gargaɗi. A gundumar Jaunpur ta Indiya an tara mutanen ƙauyuka aka nuna musu yadda karatun 'ya'yansu ya lalace, aka bayyana musu ikon da kwamitin makaranta ke da shi. Babu abin da ya sauya. Inda aka samu sauyi shi ne inda aka koya wa matasan ƙauye yadda za su zaunar da yara da yamma su koya musu karatu. A Punjab ta Pakistan kuwa, da aka raba wa iyaye a wasu ƙauyuka katin da ke nuna makin ɗansu da na kowace makarantar ƙauyen, ta gwamnati da ta kuɗi, maki ya ɗaga, makarantun kuɗi masu tsada kuma suka rage farashi. Bambancin a bayyane yake. Uban da aka ce wa ilimi ya lalace zai yi tsaki ya ce Allah ya kyauta. Uban da aka nuna wa cewa 'yarsa ta aji huɗu ba ta iya karanta layi biyu ba, aka kuma nuna masa abin da zai iya yi gobe, shi ne zai motsa. A gari irin Kaduna da makarantun kuɗi suka cika kowane lungu, iyaye suna biya ne bisa kyan yunifom da Turancin da yaro ke rerawa, domin babu wanda ya ba su wani ma'auni.

Wani nauyin da ke kan mai bincike idan ya samu makirufo shi ne ya faɗi iyakar abin da ya sani. Rigimar harshen koyarwa ta isa misali. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka soma gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma yi kyau a sauran fannoni. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya, ta bakin minista Adamu Adamu, ta ce a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci, yana kafa hujja da faɗuwa a manyan jarrabawa. Kowane ɓangare yana cewa bincike na bayansa, uba a Kawo ko Kafanchan kuma ya rasa wa zai gaskata.

Abin da ya kamata ya ji daga bakin masana shi ne cikakken zancen. Yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji, wannan hujjarsa tana da ƙarfi a ƙasashe da dama. Amma azuzuwan gwajin Ife sun samu littattafan da aka rubuta musu musamman, da malaman da aka horar, har da ƙwararren malamin Turanci. Sanarwa ba tare da waɗannan ba, suna ne kawai. Haka kuma ba a ɗora wa wata manufa laifin faɗuwar jarrabawa sai an tabbatar an aiwatar da ita a azuzuwan da ɗaliban suka fito. Jihar Kaduna ma tana da nata ƙarin: ajin da ke Soba kusan kowa Bahaushe ne, amma a Zangon Kataf ko Kachia ko Sabon Tasha za ka tarar da masu Tyap da Jju da Adara da Gbagyi da Fulfulde a benci ɗaya. Abin da ya yi aiki a Sakkwato ba lallai ya zauna daidai a can ba, kuma mai gaskiya zai faɗi haka ko da ya rage wa maganarsa armashi.

Idan masana suka yi shiru ko suka tsaya a mujalla, wasu ne ke cike gurbin. Har yau ana koya wa malamai a bita cewa kowane yaro yana da salon koyonsa, wani da ido, wani da kunne, wani da taɓawa, don haka a gano salon kowa a bi shi. Masana halayyar ɗan Adam sun bi hujjojin wannan magana a 2008 ba su samu abin da ya tabbatar da ita ba. Amma tana da daɗin faɗa, tana da sauƙin tunawa, shi ya sa ta riga gaskiya isa aji.

Gyaran da ake buƙata ba duka ne ke cin kuɗi ba. Mai bincike ba ya shiga makarantar gwamnati sai da izini daga SUBEB ko ma'aikatar ilimi ko sakataren ilimi. Wasiƙar izinin nan za ta iya ɗaukar sharaɗi guda: idan ka gama, ka dawo makarantar da shafi biyu cikin harshen da malamai da iyaye ke ji, ka zauna da su, hedimasta ya sa hannu. Asusun TETFund, da ke ba malaman manyan makarantu kuɗin bincike, zai iya ware wani kaso da ba za a saki ba sai an yi wannan. Majalisun jami'o'i da kwalejoji za su iya bai wa jagoran malami da aka gwada a aji maki irin na maƙala, tunda wahalar rubuta shi ba ta gaza ta maƙala ba. Su kuma sassan ilimi su daina barin ɗalibai suna zaɓen take daga tsofaffin kundaye. A tura su makarantun da suka yi koyarwar gwaji su tambayi malamai abin da ya dame su. Za su dawo da tambayoyin da ba a cika gani a mujalla ba: yadda mutum ɗaya zai saurari karatun yara casa'in a mako, abin da za a yi da yaran da ke ɓacewa ranar kasuwa da lokacin girbi su dawo an wuce su, yadda za a karɓi yaron da rikici ya koro daga ƙauyensu ya shekara biyu bai ga allo ba, da yadda za a daidaita lokacin boko da na Islamiyya ba tare da yaro ya zo aji yana gyangyaɗi ba. Kowace ɗaya a cikinsu ta isa kundin digiri na uku, kuma wanda ya amsa ta ba zai sha wahalar neman mai sauraro a ɗakin malamai ba.